Silin Ɗakin Ƙasa

Motar mai gida na fita daga ƙofa, tsohon kafinta ya kashe wutar ɗakinsa daga mita, ya ja gado gefe, ya lulluɓe shi da leda. Ya ɗaure hanci da tsumma, ya jingina tsani, ya yi bisimilla ya hau. Gwiwoyinsa sai ƙara suke.

Silin nan fa babu abin da ya same shi. Sabo ne fil, allunan filasta farare tas, ba tsaga, ba tabon ruwa. A matsayinsa na wanda ya tsufa a sana'ar, ya san aiki ya yi kyau. Shi ya sa ma ya ƙi jininsa.

Tun rasuwar matarsa ya dawo wannan ɗaki na ƙasa. Mai gida da iyalinsa suna sama, ƙofarsu daban, matakalarsu ta waje. Mutumin kirki ne, ba a ce ba, amma kullum cikin sauri yake. Gaisuwarsa ta tagar mota ce. An kuma hana yara sauka, wai kada su dami tsoho.

Da can bai damu ba, don simintin da ke tsakaninsu ba ya ɓoye komai. Daga kwance yana jin jan kujeru, ya san an zauna karyawa. Yana jin babban yaron na buga ƙwallo a bango, uwar na tsawa. Yana jin rarrafen autar, sululu, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Har magana yake musu shi kaɗai: "A'a, kar ki je wajen ƙofa."

Sai ya yi kuskure. Wata safiya ya tare mai gida da fara'a ya ce, "Jiya 'yar ƙaramar ta sha kuka." Shi hira yake nema. Mai gida ya ɗauka ƙorafi ne. Kafin mako ya zagayo ma'aikata sun zo, sun kafa katako, sun cusa wata auduga mai kauri, sun rufe da alluna. Mai gida ya leƙo ya ce, "Yanzu sai ka huta."

Wane irin hutu! Ɗaki ya yi tsit, ba abin da yake ji sai numfashinsa da ƙarar agogo. Kaɗaici ya taso masa gadan-gadan, har abinci ya daina shiga. Jiya kuma mai shara ta faɗa masa autar ta kusa fara tafiya, tana tsayawa ta dafa kujera. Ya kwana da maganar a rai.

Ya lalubo gaɓar alluna da yatsa, ya kankare filastar, kan ƙusoshin suka fito. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Allon farko ya sako nauyinsa gaba ɗaya, tsohon ya tare shi da ka da kafaɗa, ya sauko da shi yana nishi. Farar ƙura ta cika ɗaki, ta shige masa ido, ta zauna a gemu.

Ya san abin da yake taɓawa. Ranar da ya hau tsani don canza ƙwan fitila, mai gida ya kama shi, ya ce in ya ƙara, za a nema masa wani wuri inda za a riƙa kula da shi. Kuma ba ya faɗa ya fasa. Taurin kan nan tsohon ya san inda mai gida ya samo shi. Idan aka ɗauke shi daga gidan nan, to shi ke nan, ko shirun ma ya rasa.

Audugar ta fi allunan mugunta. Tana ƙaiƙayi, tana sa tari. Ya riƙa fizgo ta yana cusawa a buhu, hannuwansa sun yi ja. A allo na tsakiya tsani ya goce, ya rungumi katako, ƙafa ɗaya na lilo a iska. Ya daɗe a haka kafin ya lalubo matakin. Babu wanda ya ji, don silin yana aikinsa.

Ya sauka, ya sha ruwa, ya sake hawa.

Rana ta karkata lokacin da simintin ya bayyana, baƙi, mummuna, wayoyi na reto. Ya zauna a bakin gado cikin tarkace ya ɗaga kai. Shiru. Ya jira. Shiru dai. Ko sun fita ne? Ko kunnen nasa ne ya tafi, ya ɗora wa silin laifi?

Sai ƙarar mota. Mai gida ya dawo da wuri. Buhunan da ke bakin ƙofa suka ja shi, ya turo ƙofa ya tsaya, ya riƙe ƙugu, yana kallon ɓarnar.

"Innalillahi! Me ke nan? Sabon silin fa! Ashe ban ce kada ka sake hawa..."

Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Ya nuna sama.

Dim. Dim. Dim-dim-dim. Sai tim, sai dariya siririya, sai tafi da shewar uwar. Sannan kuma dim, dim, an sake tashi.

Mai gida ya saki baki. Shi ma bai taɓa ji ba.

Hawaye suka tsaga farar ƙurar da ke fuskar tsohon, bai ko share ba. Ya ce, "Ka ji ta? Ba ta iya tsayuwa ba, gudu take so. Kai ma haka ka fara, uwarka na riƙe da rigarka, ni na durƙusa ina tare ka."