Gurnanin Motar Yaya

"Kamshaf ne," in ji makanike, yana goge hannu da tsumma. "Sai an buɗe kan inji a canza ƙarfen. Aikin kwana biyu ne, kuma kuɗin aikin ya fi na kayan."

Gumi ya karyo wa Malam. Motar tseren yayan matarsa ce, ya aro don ya je taron tsofaffin ɗalibai, a san shi ma ya zama wani. Ga shi da ya tsaya a danja sai ta kama gurnani tana karkarwa. Shi da ko babur ɗinsa sai an tura, wa ya aike shi?

Babur ɗin ya sayar ya biya. Makanike, don kirki, har ya ce zai jefar masa da tsohon kamshaf ɗin kyauta.

Malam ya mayar da mota sumul, ba ko tari, yana washe baki.

Yaya ya tayar da ita, ya kasa kunne.

"Malam, ina gurnanin? Kamshaf ɗin tsere na yi oda musamman don ƙarar nan. Ya fi babur ɗinka tsada."

Malam ya ce, "Wane babur, Yaya?"