Baƙin Rairayi a Goshin Baba

Shekarar samun 'yancin kai, Baba yana ɗan sanda a Biktoriya ta Kamaru, ya kai ni bakin teku. Rairayin wurin baƙi ƙirin, wai aman dutse ne.

La'asar ta yi, ya yi salla a kan rairayin. A garinmu Bagudo, farin rairayin kogin Kwara kan zauna masa a goshi, kowa ya san ya yi salla. Nan kuwa ban ga komai ba.

Na tsorata, na ce, "Baba, sallarka ba ta fito ba."

Ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa. Na ji rairayin, da ɗuminsa.

"Tana nan, ɗiyata."

Baba ya daɗe da rasuwa. Har yau in na sallame, sai na taɓa goshina.