Wayar da Aka Binne a Yashi

Ƙafata ce ta harɗe da ita. Wayar wuta ce a binne cikin yashi, daga ƙarƙashin tirelarmu ta kwana har motar Orval, maƙwabcinmu a wannan daji na Arizona da babu ko turken lantarki.

Ashe haka ne! Tun zuwanmu mijina Delbert ya hana ni fitila, ya hana ni famfo, wai kada batir ya sauka ƙasa da rabi, firij ya mutu da allurarsa ta ciwon suga a ciki. 'Yan zango kullum cewa suke maƙwabci ɗan'uwa ne. Ni da na tsufa ina koyar da kimiyya na san wuta ba ta ɓacewa, sai dai wani ya sha.

Na ɗauko filaya.

"Loretta, tsaya mana!" in ji Delbert.

"Rufe min baki, tsoho! Ina wanka da kofi, wancan ƙaton yana kallon ƙwallo a talabijin da batirinmu?"

Ƙat! Na datse ta.

Orval ya leƙo. "Lafiya, Malama?"

"Ɓarawo! Je ka sayi naka!"

A bayana, gurnanin firij ya ɗauke ɗif.

Delbert ya sunkuyar da kai. "Batirinmu ya mutu tun ranar farko. Ni na bar shi ya ƙare ƙaf, na kasa gaya miki. Wutar Orval muke sha."

"Ƙwallo kuma, Malama," in ji Orval, "rabona da ita tun ranar da kuka iso."