Fentin da Ba Ya Rufa Asiri

Tun da hukuma ta kawo fenti mai bin zuciyar mai shafa shi, duk Alhamis sai 'yan unguwa sun fito zanen bangon kasuwa, wai don lafiyarsu. Wanda zanensa ya yi baƙi, wata guda zai yi a gidan nasiha.

Malam Tanimu mahauci ya zana rago da farin fenti. Ragon ya koma baƙi ƙirin.

Jami'ar hukuma, Hajiya Lantana, ta matso.

"Malam, yaya gida?"

"Lafiya lau. Jinsin ragon ne haka, Hajiya."

Ta karɓi buroshin ta nuna masa yadda ake zana rana. Ranar ta fi ragon baƙi.

Tanimu ya rage murya. "Hajiya, yaya gida?"

"Lafiya lau," in ji ta. "Husufi na zana."