Wa Ya Koya Miki Sabara?

Tun shekarar da wani kamfani ya yi wa ganyen sabara rajista ya ce maganinsa ne, duk wanda aka kama yana dafa shi sai a cusa sunansa cikin shari'a guda. Sunaye sun haura dubu tara, kuma ba a cire ka sai ka faɗi wanda ya koya maka, a saka shi.

To, ranar Laraba aka kira Tasalla. Tun a bencin kotu take tunanin abin da za ta ce, don Ladiyo ce ta koya mata, aminiyarta ta shekara arba'in.

"Inna, wa ya koya miki?" in ji akawun kotu.

"Akuyata, ɗan nan. Na ga tana ci in cikinta ya ɓaci."

Ta jira ya yi dariya. Ina! Rubutu kawai yake.

"An saka akuya. Amma dabba ba ta magana, mai ita na farko ne zai amsa. Wa ya ba ki?"

Tasalla ta waiga. Ga Ladiyo can bakin ƙofa, wadda ta ba ta akuyar bara, ta rako ta, tana riƙe mata takalma.