Ɗingishin da Na'ura Ta Tace

"Sake tafiya, Baba," in ji ma'aikaciyar asibitin.

Ya sake ratsa ɗakin cikin gajeren wando, an manna masa 'yan ƙwallaye masu sheƙi a ƙugu da gwiwa da idon sawu, kyamarori na binsa. Ya ja ƙafar hagu, ya nisa, ya ƙara ɗan karkacewa. Ƙafar ta warke tun bara, amma ɗingishin ne ke kare shi daga hawa gyaran rufi, bai kuwa shirya rabuwa da shi ba.

A allon kwamfuta ɗigo-ɗigo suka haɗu suka zama mutum mai karkarwa kamar jiƙaƙƙiyar kaza.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa da ta rako shi.

"Yawancin rawar nan ba taka ba ce, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Fata ce ke motsa ƙwallayen. Bari in tace. Ciwon gaske iri ɗaya yake dawowa a kowane taku, abin da bai maimaitu ba na'ura ta zubar."

Shi kuwa bai taɓa ɗingishi iri ɗaya sau biyu ba, don kada a ce haddacewa ya yi.

Ta danna. Mutumin allon ya miƙe, ya kama taku ɗai-ɗai, kafaɗa a buɗe, har da 'yar rangwaɗa.

Matarsa ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"Wannan tafiyar na aura," ta ce a hankali. Sannan ta juyo. "Maigida, gobe mutumin allon nan ne zai hau rufin. Sai ka ara masa ƙafafunka."