Roƙon Ɗan Kawu

Inoke ya sami budurwarsa a barandar laburare, ruwan saman birnin Suva na zuba kamar da bakin ƙwarya. Torika ba ta ɗago ba. Gobe za ta tsaya gaban kwamitin jami'a, don an ga rubutunta kan zaizayar bakin teku ya zo sak da na wani ɗalibi, Peniasi.

"Kai kaɗai na ba rubutun nan ka duba min," ta ce a hankali. "Ka ga wahalar da na sha kafin in tsara shi."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Peniasi ɗan kawunsa ne, kuma da kerekere ya zo masa, roƙon da ba a hana ɗan'uwa. Wai tsarin kawai zai duba, shi ya sa Inoke ya ba shi rubutun.

"Kin san halin gida," ya ce, idonsa na kan silifas ɗinsa. "Kawu ne ya riƙe ni. Shi zai kai tabua, haƙorin babban kifin tekun nan na al'ada, gidanku ya nema min aurenki."

Sai a lokacin ta dube shi. Babu fushi a idonta, gara ma a ce akwai.

"To, gobe ka shiga ka faɗa musu kai ka ba shi."

Fuskar kawunsa ta faɗo masa a rai, ya girgiza kai.

Torika ta rataya jakarta. "Ka ce wa Kawu ya ajiye tabuarsa. Ni ma 'yar ƙauye ce, na san kerekere. Yanzu na yi maka nawa. Ashe ka iya hanawa, Inoke."